Ranar da Mai Fim Ya Zo Kallon Fim Ɗinsa

Kilomita Biyar, Bangui
9 ga Janairu, 2017

Zuwa ga uwargidana Zuwaira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ku lafiya, ke da Husna da Jamaluddeen. Yaya ƙafar Inna? Yaya zaman gudun hijira a Garoua-Boulaï, yau ga shi shekara uku saura kaɗan tun da rikici ya raba mu? Mu nan sai godiyar Allah.

Na san za ki ce me ya kawo takarda alhali ga waya. To, kin dai san halin wayar nan taku, ina tsakiyar magana take yankewa, ni kuwa ba na son a yanke ni. Ɗan'azumi direba zai tashi jibi cikin ayarin manyan motocin da sojoji ke rakawa, shi ne na ce bari in cika masa aljihu da surutu.

Unguwa ta yi sauƙi, alhamdu lillahi. Titin Koudoukou ya koma cika da 'yan babur da masu canjin kuɗi, har matan unguwar Miskine sun fara shigowa sayen kaya da safe, ko da yake azahar ba ta samunsu a nan. Gidan kallonmu ma yana numfashi. Na toshe ramukan harsashin da ke rufin, na ƙara benci biyu. Lado abokin aikina yana nan yana fama da injin wuta, yana zaginsa kamar da shi suka yi gado. Bayan la'asar muke kunnawa, kafin magariba kowa ya kama gabansa. Ranar Juma'a kuwa har yanzu fim ɗinki ne, wanda muke kira Mai Fito. Mutane sun haddace shi, amma ranar da na gwada canza shi saura kaɗan su cinye ni ɗanye.

Kan Mai Fiton ne ma na ɗauki biro. Kin tuna Biju, Ba'indiyen nan mai kula da babban sito a cikin gari, wanda 'yan kasuwarmu ke saro shinkafa da sukari a wurinsa? Shekaranjiya ya zo shagon Alhaji Alhasan maƙwabcinmu, ya taho da mahaifinsa, wani tsoho siriri mai farin gashi da tabarau mai kauri, ya ɗaura farin zane a ƙugu. Zafi ya yi yawa, sai na ba tsohon benci a inuwar ƙofarmu. Yana zaune yana shan ruwa idonsa ya kai kan bango, inda na manna kwalin tsohon kaset ɗin Mai Fito, mai rubutun nan zagaye-zagaye. Zuwaira, sai na ga ya ajiye kofi. Ya tashi ya je ya sa hanci a jikin kwalin don ya gani sosai, ya ɗora yatsa kan layin ƙarshe na rubutun, sannan ya buga ƙirjinsa.

Biju ne ya yi mini bayani da Sango, yaren ƙasar nan, don ba ya jin Hausa. Sunan ubansa ne a wurin, Kuriyakos Mattatil. Shi ne daraktan fim ɗin, shi ya tsara shi ya ba da umarni tun daga farko har ƙarshe. Ikon Allah! Shekara goma sha shida ina cin abinci da aikin mutum, sai ga shi zaune a bencina yana shan ruwan randata.

Lado, mai bakin da ba ya rufuwa, ya yi tsalle ya gaya musu cewa ai sun zo gida, wannan shi ne Sharafa Indiya mai fassara fim, duk Bangui babu mai jin yarensu kamarsa. Tsohon ya riƙe hannuna biyu ya zuba mini magana mai tsawo, yana murmushi, yana jiran amsa. Na yi tari na nuna maƙogwarona, na ce mura ta kama ni. Sun ce za su dawo.

Ki gaishe da Inna da kyau. Ki ce wa Jamaluddeen na ji labarin faɗansa a makaranta, ina nan ina tara masa.

Mijinki,
Sharafaddeen

Kilomita Biyar
16 ga Janairu, 2017

Zuwaira,

Sallama da gaisuwa irin ta addinin Musulunci. Da fatan kuna lafiya, yara suna karatu, Inna ta samu sauƙi. Ki karanta wannan ke kaɗai, kada ki ba Husna ta karanta miki don kin ce idonki ya gaji.

Babu wata mura da ta kama ni. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, kuma tawa ranar ta zo. Zuwaira, ba na jin yaren fim ɗin nan. Ko kalma ɗaya ban taɓa ji ba.

Bari in faɗa miki daga tushe. Indiyancin finafinan Bombay na tsinci 'yan kalmomi a cikinsa, ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu da na ƙafa ba: uwa, zuciya, kuɗi, tsaya, gudu. Da su da kallon fuska nake haɗa fassara, kuma tana tafiya, don finafinan kusan hanyarsu ɗaya. Amma Mai Fito ba daga Bombay ya fito ba. Biju ya ce yarensa Malayalam, na wata jiha ne can kudu mai suna Kerala, kuma tsakaninsa da na Bombay kamar Hausa da Sango ne. Ni duk tsawon shekarun nan na ɗauka Indiya baki ɗaya ke gare ta.

A shekarar 2001 wani ɗan kasuwa ya kawo kwalin kaset daga Dubai, wannan yana ciki. A lokacin Malam Abdulmutallib ne mai gidan kallon, Allah ya jiƙansa, kuma ranar ce ya fara miƙa mini makirfo don ya gwada ni. Na zari kaset ban duba ba. Aka kunna, ɗaki cike, na kasa kunne in ji uwa ko zuciya, shiru. Babu rawa, babu faɗa, sai wani mutum yana tuƙa kwalekwale a kogi. In na ce ban ji ba, aikin ya tafi. Sai na buɗe baki kawai, labari ya fara fitowa. Na ce mai fiton nan yana son matar nan mai tallar kifi da yake ƙetarar da ita kullum. Na ce ƙaton nan mai laima mugu ne, kwalekwalen yake son ƙwacewa. Da aka tashi mata suna share hawaye, Malam Abdulmutallib ya dafa kafaɗata ya ce na ci. Juma'ar da ta biyo dole in maimaita abin da na faɗa, don wasu sun dawo. Haka ƙarya ta yi saiwa har ta zama itacen da muke shan inuwarsa.

Abin da mutanen unguwa za su ce yana damuna, ba zan ɓoye ba. Mutum mai shekara arba'in, a ce yara su riƙa nuna shi a titi. Amma wallahi ba shi ne yake hana ni cin tuwo ba. Ke ce. Shekara goma sha uku kina gaya wa 'yan'uwanki mijinki yana jin Indiyanci, kina faɗa da kai a sama. Sau nawa na yi niyyar gaya miki, sai in ga yadda kike kallona in ina riƙe da makirfo, in fasa. Ban taɓa yi miki ƙarya a kan kuɗi ko mace ba, Allah shaida ne, amma wannan ɗin na yi, kuma na daɗe ina yi.

Ga inda aka kwana. Biju ya aiko cewa tsohon yana son ya zo kallo ranar Juma'a ta sama, ya zauna cikin mutane. Shi Biju zai zauna kusa da shi yana mayar masa da duk abin da na faɗa, tunda rabin fassarar da Sango nake yi saboda samarin yanzu. Kin ga ke nan ba ni da ramin shiga.

Na fi son ki ji daga hannuna kafin ki ji a bakin direbobi. Ki yi mini faɗa in kin ga dama, na cancanta. Shirunki ne kawai ba zan iya ɗauka ba.

Naki mai neman afuwa,
Sharafaddeen

Kilomita Biyar
23 ga Janairu, 2017

Maman Husna,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarku baki ɗaya. Ɗan'azumi ya dawo, na tare shi tun bai kashe mota ba, ya ce ya ba ki takarda hannu da hannu, kin ce a gaishe ni. Shi ke nan? Na buga waya, kika miƙa wa Husna. To, na gode, ai ko gaisuwar ma wani abu ce.

Na yi shawara da kaina na ce gara in je in sami tsohon tun kafin ya same ni. Ranar Laraba na hau babur zuwa gidan Biju a cikin gari, karo na farko da na wuce iyakar unguwa tun bara, ina tafe ina karanta duk addu'ar da na iya. Suka karɓe ni da shayi mai kayan ƙamshi da soyayyar ayaba. Ban bari shayin ya huce ba na faɗi gaskiya. Biju ya mayar wa uban. Tsohon ya cire tabarau ya dube ni, ya ce ai tun ranar tarin ya gane, don shekara talatin yana koya wa mutane tarin ƙarya a gaban kyamara, kuma nawa bai yi kyau ba.

Daga nan ya ba ni labarinsa, har la'asar ta same ni a can. Zuwaira, mutumin nan ya ga duniya. Ubansa mai fito ne na gaske a wani ƙauye da ruwa ya kewaye. Yana da shekara goma sha bakwai ya gudu birnin Madras, inda ake yin finafinai a lokacin, ba shi da kowa. Ya fara da ɗaukar fitilu da jan waya, ya yi shekara goma sha biyu yana yi wa wasu daraktoci hidima kafin a yarda a ba shi nasa. Na farko da na biyu na barkwanci ne da waƙoƙi, suka karɓu, har ya gina gida ya sayi mota, ana nuna shi a hanya. Ana cikin haka aka yi gada a ƙauyensu, fito ya mutu, ubansa ya zauna a gida bai ƙara shekara biyu ba. Shi ne ya ce zai yi fim a kan ubansa, ba waƙa ba rawa. Kowa ya ce masa kada ya yi. Matarsa kaɗai ta goya masa baya, ta cire zinarenta na aure ta ba shi. Ya koma ƙauyen ya ɗauka a bakin kogin nan da muke gani.

Kwana huɗu fim ɗin ya yi a sinima aka sauke shi. Ya ce ranar ta huɗu ya shiga ya tarar da mutum bakwai, biyu suna barci. Bayan haka ya yi wasu finafinai huɗu irin waɗanda masu kuɗi ke so, daga baya ya koma wasannin talabijin, har idonsa ya raunana ya ajiye aiki. Matar ta rasu shekara biyu da suka wuce, shi ne Biju ya ɗauko shi don kada ya zauna shi kaɗai. Asalin faifan fim ɗin kuwa damina ta lalata shi a wani ɗakin ajiya tun tuni. Shi kansa ba shi da kwafi. Rabonsa da ganinsa shekara ashirin da biyar. Da na gaya masa cewa a wurinmu kowace Juma'a ake nunawa, in ban da watannin da harbi ya hana fita, sai ya sa Biju ya sake tambayata har sau biyu.

Sai na roƙe shi ya ba ni labarin fim ɗin na gaskiya. Da ma ban roƙa ba! Ƙaton mai laima da na sa unguwa ta tsine wa shekara goma sha shida, ashe malamin makarantar ƙauyen ne, duk fim ɗin babu mai kirkinsa, takardar da yake kaɗawa ta neman wa mai fito taimako ce a wurin hukuma. Wannan da sauƙi. Matar nan mai tallar kifi, Zuwaira, ƙanwar mai fiton ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ni ne kowace Juma'a nake ɗaura wa wa da ƙanwa aure, ana guɗa. Tsohon ya yi dariya har sai da Biju ya buga masa baya.

Na rubuta labarin gaskiyar a takarda, kuma na yanke shawara ranar Juma'a shi zan faɗa. Ba zan yi wa mutum ƙarya a kan ubansa yana zaune ba. Ki sa ni a addu'a ko da kina fushi.

Mijinki,
Sharafaddeen

Kilomita Biyar
29 ga Janairu, 2017

Uwargida sarautar mata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da yara da Inna. Har yanzu ban ga rubutunki ba, amma ba zan fasa nawa ba.

Juma'a ta zo ta wuce, kuma ga ni da raina. Labari ya riga ya zaga cewa mai fim zai zo, don haka tun kafin la'asar ɗakin ya cika har taga. Mutanen unguwar Kokoro sun zo, har wasu 'yan Miskine uku da rabona da ganinsu tun kafin rikici suka shigo suka zauna bakin ƙofa. Hajiya Rabi'atu mai ƙosai ta kama wurinta na kullum a bencin mata. Aka sa wa tsohon kujera a gaba saboda idonsa, Biju a gefensa.

Wayona shi ne in zame cikin labarin gaskiya a hankali ba tare da na ce komai ba, ko Allah zai sa a ƙi lura. Haba! Mai laima yana fitowa aka fara tsaki kamar yadda aka saba, na ce a'a jama'a, wannan malamin makaranta ne, mutumin kirki. Ɗaki ya ɗauki gunaguni. Da mai kifi ta shiga kwalekwale na ce ga ƙanwarsa nan ta iso, sai wurin ya kacame. Hajiya Rabi'atu ta miƙe ta ce, "Ƙanwar wa? Kai Sharafa, ka sha wani abu ne?" Lado ya leƙo daga wurin inji ya ce ko Indiyancin ne aka canza bana ba a sanar da mu ba.

Na sa aka tsayar da fim. Na ce musu ban taɓa jin yaren nan ba, duk abin da suka sani ni na ƙaga, ga mai abu nan zaune, su tambaye shi. Na faɗa da Hausa na sake da Sango. Zuwaira, na ji kunyar da ban taɓa ji ba tunda aka haife ni. Wani ya ce Allah ya isa kuɗinsa. Dattawa biyu suka saka takalma suka fita.

Sai tsohon ya dafa kujera ya tashi. Ya yi magana, Biju yana mayarwa. Ya ce gaskiya ne, ƙanwa ce, kuma malami ne. Ya ce amma nasa labarin ya san shi, kwana huɗu ya yi a duniya. Shi ya zo ne ya ga wanda ya yi shekara goma sha shida. Ya roƙi arziki a mayar da fim farko, in faɗa yadda na saba, kada in rage komai. Hajiya Rabi'atu ta ce to ai shi ke nan, mai abu ma ya fi son namu, a kunna kafin magariba ta yi.

Na fara, ban yi nisa ba jama'a suka karɓe. Ina buɗe baki suna ƙarasa mini. Aka tsine wa mai laima, tsohon yana girgiza kai yana dariya. Wajen tsakiya, inda ake nuna mata suna jiran jirgi a bakin ruwa, ya ɗaga hannu ya ce a tsayar. Ya matso har gaban allo. Akwai wata mace a gefe riƙe da yaro, ba ta ko magana, ni ban taɓa lura da ita ba. Matarsa ce, yaron kuma Biju. Ya ce ranar ɗaukar wurin mutane ba su isa ba, shi ne ya sa ta shiga. Aka bar hoton tsaye har ya koma ya zauna da kansa.

Da aka tashi ya kira ni. Ya ce aurar da wa da ƙanwa dai bai yafe ba, sai ya yi tunani. Amma akwai wuri guda da mai fito ke zaune shi kaɗai bayan an buɗe gada, kusan minti uku babu magana. Ya ce masu sinima a ƙasarsu sun so ya yanke wurin, ya ƙi. Ya lura ni mai surutu ne, amma da aka zo nan na ajiye makirfo na yi shiru har ya wuce. Ya tambaye ni wa ya koya mini. Na ce babu, kawai dai ban taɓa samun abin da zan ce a wurin ba. Ya ce shi ma shi ya sa bai rubuta komai ba. Na ba shi kaset ɗin na asali da kwalinsa, tunda mun daɗe da juya shi a faifai. Ya rungume shi a ƙirji har suka shiga mota.

Yanzu sunana ya tashi daga Sharafa Indiya ya koma Sharafa Ƙanwarsa. Yara suna kira in na wuce, ina amsawa. Dattawan nan biyu ba su dawo ba, Lado ya yi kwana ɗaya ba ya yi mini magana sannan ya gaji. Zuciyata sakayau, kamar na sauke buhun siminti. Abu ɗaya ya rage mini, kin kuma san shi.

Naki har kullum,
Sharafaddeen

Kilomita Biyar
13 ga Fabrairu, 2017

Zuwaira tawa,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso jiya, na karanta a tsaye a bakin mota, na sake karantawa a zaune. Na ji daɗin jin ƙafar Inna ta saki, da kuma sakamakon Husna. Baba Kuriyakos ya koma ƙasarsu ranar Talata za a yi masa aikin ido, ya ce a gaishe da matar da ta haƙura da ni.

Layi shida kika rubuto, huɗu gaisuwa ne, biyun kuwa sun fi bulala. Kin ce ke ba ruwanki da malami ko ƙanwa. Tambayarki ɗaya ce. Ranar da kika fara shiga gidan kallo da matar yayanki, kina benci na uku, mai fito ya juya ya yi wa mai kifi magana a tsakiyar kogi, ni kuma na fassara ina kallonki, na ce: "Kowa na ɗauka alla-alla nake in kai shi gaci. Ke kaɗai ce in kin shigo nake roƙon Allah kogin ya ƙara faɗi." Kin ce maganar nan ce ta sa kika amsa sallamata da na zo gidanku, kuma ita kike tunawa a shekara ukun nan in abin ya yi miki yawa. Kin ce in ta Ba'indiye ce in mayar masa da abarsa, in kuwa ƙarya ce in gaya miki ki san abin da kika riƙe.

Na tambayi tsohon wurin nan tun ranar da na je gidansu, don ni ma ya tsaya mini a rai. Abin da mai fito ya ce shi ne ta ɗaga, ta zauna masa a kan gwangwanin kwalfar ruwa, kuma kwandon kifinta yana ɗiga a kan tabarsa. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Saboda haka ba ta Ba'indiye ba ce, babu wanda zan mayar wa. Ba kuma ƙarya ba ce. Kafin ranar, a wurin nan cewa nake yi yana yaba mata kifi. Ranar na ɗaga kai na gan ki, maganar ta fito da kanta, har Malam Abdulmutallib ya tambaye ni daga baya ina na samo sabuwar fassara. Tawa ce, Zuwaira. Ni da ake cewa bakina ba ya gajiya, ban iya tsayawa gabanki in faɗi magana irin wannan da sunana ba, sai na laƙa wa bawan Allah mai kwalekwale, ya yi ta ɗaukar mini ita shekara goma sha huɗu.

Ya isa haka. Na bar wa Lado makulli da makirfo, ya je ya ƙaga nasa. Wannan takarda za ta riga ni da kwana bakwai, don na kama wuri a gaban motar Ɗan'azumi a ayarin mako mai zuwa. Zan zo in faɗa miki da bakina, da Hausa, babu allo babu inji. In na sarƙe kada ki yi dariya a gaban Inna.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Mijinki mai ƙaunarki,
Sharafaddeen